Takarda ta ce dala 31,400, ga yadda na gano ainihin abin da za mu biya na ƙarin ruwan ciwon kansa

Ranar da ambulan ɗin farko ya zo daga kamfanin inshora wallahi ban ci abincin dare ba. Na dawo aiki kenan na ɗebo wasiƙu a akwati, na zauna a teburin kicin na yaga shi, idona bai sauka ko'ina ba sai kan dala 31,400, kuɗin zama ɗaya kacal na ƙarin ruwan da aka yi wa uwargida, kuma likita ya riga ya gaya mana shekara guda za a yi ana wannan abu duk bayan sati uku. Cikina ya ɗuri ruwa. Na ɗauko waya na ninka shi sau 17, abin da ya fito ya fi kuɗin gidan da muke ciki. Ita kuma tana ɗaki a kwance, kwana goma da yin na farkon, ko ƙamshin girki ba ta son ji, sai kawai na cusa takardar cikin jakar aiki na don kar ta gani. Ashe a saman takardar an rubuta da manyan baƙi cewa wannan ba takardar neman biya ba ce, ni dai firgici bai bar ni na karanta ba.

To bari in koma baya kaɗan. A Amurka muke zaune, inshorar lafiyarmu ta wurin aikina ce, ana cire kuɗinta daga albashi duk wata kuma gaskiya ban taɓa zama na karanta me ke ciki ba, dama daga mura sai rigakafin yara ke kai mu asibiti. A watan Satumba na 2024 aka gano uwargida na da sankarar mama, irin wadda ake ce wa mai HER2, kuma ita wannan tana da maganinta na musamman, trastuzumab, wanda aka fi sani da sunan Herceptin, tun 1998 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi. Ba ƙwaya ba ce da za ka je famasi ka karɓo, ta jijiya ake saka shi, na farko minti 90 ake yi ana lura da mutum, na baya minti 30. Zagaye shida na farko tare da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, daga nan shi kaɗai har shekara ta cika.

Abu na farko da ya rikita ni, na buɗe manhajar inshorar na shiga jerin magunguna na rubuta sunansa don in ga nawa ne namu kason, babu shi. Na kira lambar da ke bayan kati ta ɓangaren magani, matar ta ce ba a wurinsu yake ba. Haba, magani kuma ba a ɓangaren magani ba? Ashe inshorar gida biyu ce. Akwai ɓangaren famasi na ƙwayoyi da abin da za ka kai gida ka sha, akwai ɓangaren jinya na likita da asibiti da tiyata, kuma duk maganin da nas ce za ta ɗaura maka a asibiti galibi can ɓangaren jinyar yake faɗawa. Asibitin ne ke sayo shi da kuɗinsa, ya saka maka, sannan ya aika wa inshora lissafi. Shi yasa ba wanda zai iya ce maka ga farashinsa kamar yadda ake gani a kanta, sai an yi an gama takarda ta biyo baya. Kwana biyu na ɓata kafin in gane wannan kaɗai.

Wadda ta buɗe min ido wata ma'aikaciya ce a cibiyar kansar, aikinta kenan ba wa majinyata shawara kan kuɗi, ofishinta ɗan ƙarami a bayan inda ake ɗaukar jini, kuma ba wanda ya gaya mana tana nan sai da na tambayi nas ko akwai wanda zan nuna wa takardar. Na miƙa mata hannuna na rawa. Ta duba ta yi murmushi, ta ɗauki biro ta ja layi a kan 31,400 ɗin ta ce in manta da shi, wannan kuɗin da asibiti ya rubuta ne kawai, kusan ba mai inshorar da ke biyan sa. Ta zagaye wani adadi a gefensa, 10,800, ta ce wannan ne farashin da inshora da asibiti suka daidaita a kai tun kafin mu zo, kuma daga shi ake fitar da namu. Takardar EOB ake kiranta, bayani ne kawai na yadda inshora ta yi da lissafin, ainihin takardar biyan daga asibiti take zuwa daga baya kuma dole adadin da ke cikinta ya yi daidai da na layin ƙarshe na EOB ɗin, in bai yi ba kar in biya sai na kira.

Sai ta ce lambobi uku ne zan haddace a inshorata. Na ɗaya didaktabul, wato kuɗin da za ka fara biya kai kaɗai a shekara kafin inshora ta sa hannu, namu dala 2,500. Na biyu kason da kake ɗauka bayan ka cika wancan, namu 20 cikin 100. Na uku, wanda ni nake kira iyakar aljihu, shi ne mafi yawan abin da zai fita daga aljihunka a shekara ɗaya kan mutum ɗaya, in ka kai nan inshora ta ɗauki komai har ƙarshen Disamba, namu dala 6,000. Ta ce duk mai jinya irin wannan, na ukun nan shi ne farashinsa na gaskiya, domin babu makawa sai ya kai shi, tambayar kawai a wane wata. Dokar nan da ake kira Obamacare ce ta tilasta a sa wannan iyakar, kuma gwamnati ke yanke mafi girman da aka yarda duk shekara, a 2024 dala 9,450 ne kan mutum ɗaya, a 2025 kuma 9,200. Namu ya fi haka sauƙi alhamdulillah. Amma fa iyakar tana aiki ne kawai in likitan da asibitin suna cikin jerin waɗanda inshorar ta ƙulla da su, kuma abin da aka yi yana cikin abin da ta yarda ta biya, sannan kuɗin watan da ake cirewa a albashi ba ya shiga lissafin ko kaɗan.

A nan muka zauna ni da ita muka yi lissafin. Kafin a fara ƙarin ruwa, hoton MRI da yankar tsoka don gwaji da ɗan aikin da aka yi na saka mata bututu a ƙirji da hoton zuciya sun riga sun ci min dala 3,400, kenan didaktabul ya cika har da ɗori. Zama na farko 20 cikin 100 na 10,800, dala 2,160, jimla 5,560. Zama na biyu saura 440 kawai in kai iyaka. Na uku, a ƙarshen Disamba, ko sisi. Daga 31,400 sau 17 zuwa 6,000, wallahi ji na yi kamar an sauke min dutse daga ka, har na fara yi mata godiya zan tashi sai ta ce dakata, wane wata muke ciki? Na ce Nuwamba. Ta ce to ranar 1 ga Janairu komai zai koma sifili.

Nan ne fa gizo ke saƙar. Jinyar shekara guda ce amma ta hau kan shekaru biyu na inshora, don haka iyakar aljihun sau biyu za mu biya ta, 6,000 a cikin wata uku na ƙarshen 2024, wata 6,000 kuma tun farkon 2025, duk a jere babu numfashi. Kuma na Janairu ya fi zafi domin lokacin babu abin da ya riga ya cike didaktabul. Zama na huɗu farashin da aka daidaita 9,500, to 2,500 na farko nawa ne gaba ɗaya, sai 20 cikin 100 na ragowar 7,000 wato 1,400, jimla 3,900 a zama ɗaya. Na biyar 1,900, na shida 200, shikenan an kai. Tiyatar da aka yi mata daga baya da duk sauran zaman har ƙarshe ba mu biya komai ba, abin dariya ma tiyatar da na fi jin tsoron kuɗinta ita ce ta zo kyauta a wurinmu.

Akwai wautar da na yi da har yau take min ciwo. A watan Nuwamba ɗin nan ne wurin aikinmu ke buɗe ƙofar canza tsarin inshora na shekara mai zuwa, sati biyu kawai. Saƙon ya shigo imel ɗina ina tsakar zirga-zirga tsakanin asibiti da makarantar yara, na ce daga baya, har wa'adin ya wuce aka bar ni a kan tsohon tsari. Da na duba daga baya akwai wani tsarin da za a ƙara cire min dala 110 a wata, wato 1,320 a shekara, amma iyakar aljihunsa 3,500. Haɗa su 4,820, a maimakon 6,000, kuma likitanmu na ciki. Mai lafiya gara ya ɗauki mai arha a wata, amma wanda ya san tabbas zai kai iyaka lissafinsa daban ne, kuɗin wata sau 12 a haɗa da iyakar aljihu, wanda ya fi ƙanƙanta shi ne naka. Da na sani ƙeya ce.

Na koyi karanta lissafin asibitin layi-layi, don na nemi a ba ni mai dalla-dalla, ba dunƙulalle ba. Ashe kuɗin zama ɗaya ba na magani ɗaya ba ne, tarin abubuwa ne. Akwai shi maganin, akwai kemo, akwai na hana amai da ake fara sakawa, akwai kuɗin ɗaura ruwan kansa wanda lambarsa 96413 ta awa ta farko, akwai gwajin jini, akwai ganin likita, in kuma cibiyar reshen babban asibiti ce akwai kuɗin wuri, shi yasa magani iri ɗaya kan fi tsada a can kan ofishin likita mai zaman kansa. Shi maganin kuma da nauyin jiki ake auna shi. Duk zuwa sai ta cire takalmi ta hau sikeli kafin komai, kilo 70 take lokacin, na farko miligiram 8 kan kowane kilo wato 560, na baya 6 kan kowane kilo wato 420, kuma a lissafi kowane miligiram 10 awo ɗaya ne, don haka nakan duba in ga 42 a layin. Ba a haɗa shi sai sakamakon jini ya fito likita ya sa hannu, sai ka ga nas ta taho da 'yar leda mai ruwa fari tas kamar ruwan famfo, su biyu su karanta sunanta da ranar haihuwarta su duba abin hannunta, a rataye. Ita ta ja bargo ta rufe ido, ni ina gefe da ɗan littafina ina kallon ɗigon ina tunanin wannan 'yar ledar ta fi albashina na wata. Bayan wata uku-uku kuma hoton zuciya, domin maganin yana iya taɓa zuciya, shi ma layinsa daban.

Cikin Disamba sai ga wata EOB ɗin an rubuta an ƙi biya, layin maganin gaba ɗaya, kuma a gurbin kason majinyaci an zuba dubbai. Wannan karon ban ɓoye ba, uwargida ce ma ta fara gani, ta ce Abban yara ko dai mu dakatar ne mu gani? Na ce Hajiya ba abin da za a dakatar, ki bar min wannan. Washegari na shafe kusan awa guda a waya ana sa min kiɗa a kunne, har na samu wanda ya duba. Matsalar lamba ce. Kafin a fara irin wannan magani sai asibiti ya nemi izinin inshora tukun, su kuma sun nemi izini da lambar Herceptin na asali, J9355, alhali abin da aka saka mata bayosimila ne. Bayosimila wani kamfani ne ya yi irin maganin bayan wa'adin mallakar na asali ya ƙare, aiki ɗaya, ya fi arha, na farkon trastuzumab an amince da shi a ƙarshen 2017 kuma yanzu suna da yawa, kowanne da tasa lambar mai farawa da Q. Izini na lamba ɗaya, lissafi na wata, sai kwamfuta ta yi watsi da shi. Ba laifinmu ba ne kuma ba mu ne za mu gyara ba, ofishin lissafin asibitin ne suka sake nema suka sake aikawa, sati biyar aka warware. Amma na rubuta ranar da takardar ta zo, don doka ta ba mutum kwana 180 ya ɗaukaka ƙara a wurin inshorar in ta ƙi biya, kuma tun ranar duk wanda na yi magana da shi a waya sai na rubuta sunansa da lokaci da lambar kiran.

A Janairu, kafin zaman 3,900 ɗin nan, na koma wurin matar ofishin na ce gaskiya aljihu ya yi ƙasa. Sai ta ce ai kamfanin da ke yin maganin yana da katin tallafi ga masu inshorar wurin aiki, ta cike mana a kwamfuta minti goma. Na ce to me ya hana tun Nuwamba? Ta ce ban tambaya ba, ita kuma mutane sun mata yawa. Ban ji daɗi ba amma gaskiyarta ce, a ƙasar nan abin da ba ka tambaya ba ba mai kawo maka. Katin kason layin maganinsu kaɗai yake biya, ba ruwansa da kemo ko kuɗin wuri, ya ɗauke mana wajen dala 1,300. Ta kuma ce in kira inshora in tambaya ko kuɗin katin yana shiga lissafin didaktabul da iyakar aljihu, domin wasu tsare-tsaren suna karɓar kuɗin kamfanin amma ba sa lissafa maka shi, sai katin ya ƙare ka tarar kana nan inda kake. Wasu jihohi sun hana wannan, amma in kamfanin da kake wa aiki shi ke biyan jinyar ma'aikatansa da kuɗinsa, dokar jiha ba ta hawa kansa. Namu ya shiga, Allah ya taimake mu. Na nemi rangwamen asibitin ma, tunda duk asibitin da ba na neman riba ba dole ne ya kasance da rubutaccen tsarin taimaka wa marasa ƙarfi, aka duba takardun harajina aka ce albashina ya ɗan haura. Abin da na samu biya kaɗan-kaɗan ne ba kuɗin ruwa, dala 300 a wata, shi ma sai da na roƙa da bakina.

Akwai wani dattijo da muke yawan haɗuwa a ɗakin ƙarin ruwan, kujerarsa kusa da tamu, shi Medicare gare shi, inshorar gwamnati ta 'yan shekara 65 zuwa sama, kuma hirarsa ce ta nuna min lissafina ba na kowa ba ne. Su maganin ƙarin ruwa a sashen B na Medicare yake, didaktabul ɗin ɗan kaɗan ne, dala 257 a 2025, farashin kuma gwamnati ce ke yanke shi daga matsakaicin farashin sayarwa da ɗorin 6 cikin 100, amma kason 20 cikin 100 ɗin nan a Medicare na asali ba shi da iyaka ko kaɗan, duk zama sai ka biya har shekara ta ƙare, sai dai in kana da ƙarin inshora irin Medigap da ke cike gurbin, ko kana tsarin Medicare Advantage wanda shi yana da tasa iyakar. Ya ce da ya ji a labarai an sa iyakar dala 2,000 daga 2025 har ya yi murna, ashe ta sashen D ce, ta ƙwayoyin famasi, ba ta taɓa ledar da ke rataye a kansa ba. Katin kamfani irin namu kuma doka ta hana masu inshorar gwamnati amfani da shi, sai gidauniyoyi irin PAN da HealthWell, su ma asusun kowace cuta buɗewa yake yana rufewa gwargwadon kuɗin da ya shigo, 'yarsa ce ke leƙa shafinsu duk safiya.

An cire mata ruwa na ƙarshe a farkon Nuwamban 2025, nas-nas ɗin suka taru suka tafa mata. Da na haɗa rasit ɗin da ke cikin jakata, 6,000 na 2024 da 4,700 na 2025, dala 10,700 kenan, ban da kuɗin ajiye mota a asibiti da ranakun aikin da na rasa waɗanda babu inshorar da ta san da su. Saura wata takwas in gama biyan na wata-watan. Imel ɗin canza tsarin inshora ya sake shigowa satin, wannan karon a daren na buɗe shi, don akwai hotuna da ganin likita da ke jiranta a 2026.